Abu Fatila da Bindigar Dagaci

A kudancin Jidda, wajen Khumra, inda manyan motoci ke kai da kawowa tsakanin tashar jiragen ruwa da rumbunan ajiyar kaya, akwai kasuwar da duk Bahaushen da ya daɗe a garin nan ya sani, wato Sawarikh. Ma'anar sunan da Larabci makamai masu linzami, amma abin da ake sayarwa a ciki darduma ce da kayan gwanjo da kayan gida. A wata rumfar tsofaffin kaya, cikin butocin gahawa da turame na tagulla, na fara riƙe abin da Larabawa ke kira abu fatila. Doguwar bindiga ce siririya, an ɗaure bututunta da katakonta da zobba. Ba ta da ƙanƙara irin ta adakar maharbanmu. Wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne ya leƙo ta sama, bakinsa a tsage, aikinsa ya riƙe igiya mai ci da wuta.

Na tambayi mai rumfar, wani dattijo, shekarunta nawa. Ya ce, "Wallahi ya Hajji, wanda na saya a hannunsa ya ce ta kakanninsa ce. Da irinta dai aka tare Turawan Fotugal a bakin tekun nan."

Dattijon ya faɗi gaskiya, kuma ya auna maganarsa. Da irinta ya ce, bai ce da ita ba. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu akwai shekara ɗari huɗu, kuma a cikin wannan rata ne wata tsohuwar tambaya ta tarihin Kano ta maƙale.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya ba da labarin wani babban ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci. Ya iso Kano zamanin Sarki Dauda, wanda lissafin Palmer ya sa sarautarsa tsakanin 1421 da 1438. Ya zo da jama'a da malamai, da tambura da kakaki da tutoci, da kuma bindigogi. Sarki ya saukar da shi a Ɗorayi. Idan aka ɗauki maganar yadda take, Kano ta ga bindiga shekara sittin kafin Kolombos ya taka ƙasar Amurka, fiye da shekara ɗari kafin Japan ta san ta a 1543. Zuciyar kowane Bakano za ta so haka ya tabbata. Tawa ma ta so.

Sai dai littafin da kansa ya bar mu da abin ɗaure kai. Bayan Dagaci, sai ya yi shiru da zancen bindiga har kusan shekara ɗari uku. Kano ta yi ta gwabzawa da Katsina da Kwararrafa, ana lissafa jarumai da dawakai da lifidi, ba a ji ƙarar albarushi ba. Sai zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka ce an kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe. Sai kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, wanda aka ce shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Makamin da ya shigo gari a hannun babban baƙo, ina ya shige har tsawon wannan lokaci? Humphrey Fisher da Virginia Rowland sun tattauna batun a 1971, Joseph Smaldone ma ya taɓo shi a littafinsa na yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato a 1977. Takarda ta yi iyakar ƙoƙarinta. Wanda ya rage ya yi magana shi ne ƙarfe.

Kafin a tambayi ƙarfe, sai an san ƙirarsa. Bindigar farko bututu ce kawai da aka toshe gindinta, aka huda ɗan rami a sama. A ɗura albarushi, a tura dutse ko darma, mutum ya riƙe da hannu ɗaya, ya kai garwashi ramin da ɗayan hannun. Saiti sai dai sa'a. Daga baya wani ya yi dabarar kafa lanƙwasasshen ƙarfe a gefen katako, mai kama da maciji ya fasa kai, ya maƙala masa igiyar da aka jiƙa da gishirin albarushi don ta riƙa ci a hankali. In an danna ƙasan ƙarfen, sai kansa ya sunkuya ya dangwali ɗan kaskon da aka zuba garin albarushi, wuta ta bi rami ta shiga ciki. Hannu biyu sun koma kan bindiga, ido ya koma kan abin hari. Zane mafi tsufa da aka sani na wannan dabara yana cikin wani littafin hannu na ƙasar Jamusawa na 1411, amma sai can ƙarshen ƙarnin ne ta zama cikakkiyar bindiga mai kunama da kasko da murfi. Igiyar nan ita ce fatila a Larabci, kalmar da Hausa ta aro ta ba wa fitila gaba ɗaya, ta bar wa igiyar suna lagwani. Abu fatila ke nan, mai lagwani.

Wannan gaɓar teku da Khumra ke kai tana cikin wuraren da bindigar nan ta fara nuna ƙarfinta a ƙasashen Musulmi. Da jiragen Fotugal suka kewayo Afirka suka fara tare hanyar kayan yaji, Sarkin Masar Ƙansuh al-Ghuri ya aiko Husain al-Kurdi ya kewaye Jidda da ganuwa a farkon ƙarni na 16. A 1516 rundunar Masar ta sauka Yaman da bindigogi, marubutan tarihin Yaman kuwa sun rubuta cewa mutanen ƙasar ba su taɓa ganin irin wannan makami ba. A 1517 Lopo Soares de Albergaria ya shigo Bahar Maliya ta kudu da jirage fiye da talatin, ya biyo ta gaban wannan gaɓa, ya tsaya a bakin Jidda. Mashigar tashar siririya ce, ta yi ta murɗewa cikin duwatsun murjani, Salman Ra'is kuma, jagoran masu tsaron garin, ya jera igwa a kanta. Fotugis suka juya ba tare da sun ci garin ba, suka koma tsibirin Kamaran inda ƙishirwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Tsakanin Jidda da Makka tafiyar kwana biyu ce a kan raƙumi. Duk Musulmin da ya san wannan ya san abin da aka tsare a ranar.

To, a ce yau mai haƙa ya tono ɗan macijin ƙarfen nan a gindin tsohuwar ganuwar Jidda. Na 1517 ne? Siffarsa ba za ta faɗa ba. Turai ta ajiye bindiga mai lagwani wajen 1700 ta koma mai ƙanƙara, saboda haka a can siffa kan taimaka. Amma Larabawan ƙauye da mutanen Indiya sun ci gaba da ƙera ta, suna harbi da ita har ƙarni na 19, wasu ma har farkon na 20, domin ba ta da wuyar gyara kuma ba ta buƙatar ƙanƙarar da sai an sayo daga nesa. Baturen matafiyi Burckhardt, wanda ya sauka Jidda a 1814, ita ya tarar a hannun Larabawan daji. Ga kuma al'adar gado: bututu mai kyau ba a yar da shi. A sake masa katako, a sake masa kunama, jika ya yi harbi da bututun kakansa. Bindiga ɗaya tana iya haɗa bututun Farisa, da katakon Indiya, da zobban da maƙerin Hadramaut ya ɗaura bayan shekara ɗari biyu. Ƙasar Jidda kuma ta sha yaƙi ba sau ɗaya ba: an kewaye garin a 1803, jirgin yaƙin Ingila ya yi masa ruwan wuta a 1858, an sake kewaye shi a 1925. Kowane ɗayansu ya bar nasa ƙarfen.

Mutum zai ce a kai ɗakin gwaji mana. Ana kai wa, kuma akwai abin da ake samu. Tun 1969 Nikolaas van der Merwe ya nuna cewa ana iya auna shekarun ƙarfe da gwajin kabon-14, domin ƙarfen da aka narka da gawayi yakan haɗiye kabon na itacen da aka ƙona. Ranar da aka sare itacen ake ƙirgawa. Amma hanyar tana da ramuka. Ƙarfen maƙera mai laushi, irin wanda ake yin kunama da shi, kabon ɗinsa kaɗan ne. In tsohon itace aka ƙona, shekarun itacen za a samu, ba na bindiga ba. In maƙeri ya narka tsohuwar fartanya ya haɗa da sabon ƙarfe, lissafi ya rikice. In da kwal aka narka, sai gwajin ya nuna dubban shekaru. Babbar matsalar ma ta sama ce: yawan kabon-14 a iska ya yi hawa da sauka tsakanin wajen 1450 da 1650, har abu guda yakan dace da zamani biyu, farkon ƙarni na 16 ko farkon na 17. Daga 1650 zuwa 1950 kuwa abin ya fi haka dagulewa. Wato daidai shekarun da muke son rarrabewa su ne gwajin ya fi rauni a kansu.

Darma ta fi ƙarfe juriya a ƙasa. Daga nauyin harsashi ana gane faɗin bakin bindigar da ta harba shi, daga sinadarinsa ana iya bin sawun mahaƙar da aka ciro shi. Akwai ma wani irin harsashi, ɗan curin ƙarfe da aka lulluɓe da darma, wanda aka fi samu a ƙarshen ƙarni na 15 da cikin na 16, kamar a filin yaƙin Bosworth na 1485 da cikin jirgin Mary Rose da ya nutse a 1545. Wannan alama ce mai ƙarfi. Amma harsashin darma zalla, dunƙulalle, na zamanin Salman Ra'is da na zamanin Burckhardt uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Idan aka duba tsofaffin bindigogin da masana suka yarda da shekarunsu, sai a ga kusan duk maƙwabtansu ne suka ba da shaida a kansu. A 1849 aka tono wata 'yar bindigar tagulla a cikin rijiyar gidan yaƙi na Tannenberg a Jamus. Ba rubutu a jikinta. Amma an san an rushe gidan a 1399, ɓaraguzansa suka danne rijiyar, saboda haka duk abin da ke ƙarƙashi ya riga wannan shekara. A gaɓar tsibirin Hallaniya na Oman, an haƙo tarkacen jirgin Esmeralda na rundunar Vasco da Gama tsakanin 2013 da 2015. Takardun Fotugal sun nuna guguwa ta farfasa shi a 1503. An sami duwatsun igwa masu haruffan sunan kwamandan, Vicente Sodré, da ƙararrawar jirgi wadda sai da aka haska ta da na'ura aka ga lambobin 1498 a ƙarƙashin dattin teku. Duk makamin da ya fito daga wannan rami ya sami ranar mutuwarsa. A Arizona ta Amurka, a 2020, Deni Seymour ta sami igwar tagulla kwance a daɓen wani ɗaki na sansanin ayarin Coronado, Baturen Sifaniya. Gawayin da ke daɓen aka gwada, aka kuma gwada rairayin da ya binne shi da wata hanya mai gano yaushe ne ƙwayar yashi ta yi wa hasken rana ganin ƙarshe. Sakamakon ya dace da 1541, shekarar da 'yan ƙasa suka tarwatsa sansanin.

Abin da ya sa aikin da ake yi a tsohon garin Jidda ya ba ni sha'awa ke nan. An rushe ganuwar garin a 1947, amma gindinta da gwalalonta suna nan a ƙarƙashin kwalta. An fara haƙa a ƙarshen 2020, a Fabrairun 2024 aka bayyana cewa an tono gutsattsari kusan 25,000 a wurare huɗu: Masallacin Usman bin Affan, da Shuna, da gwalalon gabas, da ganuwar arewa. Tsingaro ya kai 11,405, ƙasusuwan dabbobi 11,360, amma kayan ƙarfe 71 ne kacal. A ƙasa mai gishiri da laima irin ta bakin Bahar Maliya, tsatsa ba ta barin ƙarfe ya tsufa. Abin da ya tsira yakan fito kamar dunƙulen ƙasa, sai an ɗauki hotonsa da na'urar hoton ƙashi kafin a gane ko mene ne. Wanda ke neman bindigar 1517, cikin irin wannan ɗan rabo zai nema. Amfanin dubban tsingaron kuwa shi ne su ne kalandar. Tangaran na Sin yana da yayi, kowane zamani da irin zanensa. Lofen shan taba ba ya bayyana sai wajen 1600, lokacin da taba ta iso daga Amurka. Saboda haka ƙarfen da aka samu a ƙarƙashin hawan ƙasar da lofe ya fara bayyana, a wurin da ba a taɓa birkitawa ba, yana da hujjar cewa ya girmi taba. Da irin wannan karatu ne masu haƙar suka gane cewa gwalalon gabas bai kai zamanin Husain al-Kurdi ba, sun fi danganta shi da ƙarshen ƙarni na 18. Da ido kawai aka bi, da an ce na Fotugis ne.

Ita kuwa abu fatilar da na riƙe a Sawarikh, ta rabu da maƙwabtanta. Ta bi hannu goma kafin ta iso rumfa. Kyakkyawa ce, amma ba ta da mai yi mata shaida.

Mu koma ga Dagaci da wannan ma'auni. Duk makamin da zai isa Barno a ƙarni na 15, ta Masar ko Tarabulus zai bi. Hanyar a buɗe take: mutanen Kanem suna da makaranta da masauki a Alƙahira tun ƙarni na 13, kuma Mai na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa wajen 1391. Amma David Ayalon, wanda ya bi littattafan tarihin Masar dalla-dalla a bincikensa na 1956, bai sami bindigar hannu a rundunar Masar ba sai 1490, zamanin Sarki Ƙaitbai. Mahaya dawakin Masar ma ƙyamarta suka yi, suka bar wa bayi baƙaƙe da ƙananan sojoji, har sai da al-Ghuri ya kafa wa masu bindiga runduna ta musamman a 1510. Yaman, da ke tsallaken ruwa, sai 1516. Yaya za a yi ɗan sarautar da ya baro gida, ya riga Alƙahira mallakar makamin da shekara sittin? Bindiga mai lagwani dai ba ita ba ce. Wannan na tsaya a kai.

Ita kanta kalmar ba shaidar kirki ba ce. Bindiga daga bunduƙ ta fito, sunan wani ɗan itace mai kama da gujiya. Larabawa suka sa wa 'yan ƙwallayen yumɓu da ake harbin tsuntsu da su wannan suna, da bakan da ke harba su, tun kafin a san albarushi. Da bindiga ta zo, sai ta gaji sunan. Labarin da ya taso daga zamanin Dauda yana ɗauke da wannan kalma zai iya nufin baka, mai karatu na baya ya ji ƙarar wuta a ciki. Akwai kuma yiwuwar 'yar bututun nan ta farko, marar kunama, wadda aikinta tsawa da hayaƙi, tunda Masar ta san igwa tun ƙarshen ƙarni na 14, kuma an jera bindigar Dagaci ne tare da tambura da kakaki da tuta, kayan nuna isa.

Amma abin da na fi gamsuwa da shi ya fi wannan sauƙi. Littafin tarihin sarakunan Kano, a siffar da muke da shi, a ƙarshen ƙarni na 19 aka kammala shi, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello. A tsakani, Kano ta ɗanɗana bindigar Barno ta gaske. Imam Ahmad ibn Furtu, wanda ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma a 1576 da 1578, ya ambaci Turkawa 'yan bindiga da bayin gidan sarki da aka koya wa harbi, ya kuma ambaci harin da Mai ya kai ƙasar Kano. Shi ganau ne, a zamanin ya rubuta, ga kuma wasiƙun Sarkin Istanbul Murad na Uku na 1577 zuwa ga Mai Idris suna tabbatar da hulɗar. Mai Idris ya yi aikin hajji, ya ga ƙasashen da makamin nan ya riga ya sauya. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1591, 'yan bindigar Maroko suka karya Songhai a Tondibi. Ƙarshen ƙarni na 16 ke nan, kuma nan ne shaidu suka haɗu. Masu riƙe da tarihin baka sun san tambari da kakaki da bindiga kayan gabas ne, sai suka ɗora su duka a kan babban baƙon farko da ya zo daga gabas. Ba ƙarya suka yi ba. Haka tarihin baka ke tattara kaya wuri guda don kada su zube.

Ko bayan Alooma ma bindiga ba ta yi jijiya a ƙasarmu ba, domin albarushi da darma da gyara duk sai an jira ayari. A 1826 Baturen matafiyi Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gobir, dubban mayaƙa, bindigoginsu ba su kai hamsin ba. Wannan ya nuna cewa ko an haƙa, abin da za a samu kaɗan ne, kamar 71 ɗin Jidda ko ƙasa da haka.

Duk da haka muna da wuraren da suka yi kama da rijiyar Tannenberg. Birnin Gazargamu, kusa da Gaidam a Jihar Yobe, an kafa shi a ƙarshen ƙarni na 15, aka ci shi da yaƙi a 1808 ya zama kufai. A can ne 'yan bindigar Alooma suka zauna, kuma lofe zai raba hawan ƙasar zamaninsa da na bayansa. Ganuwar Kano ita ma hawa-hawa ce: Sarki Gijimasu ya fara, Rumfa ya faɗaɗa tsakanin 1463 da 1499, Muhammadu Nazaki ya ƙara tsakanin 1618 da 1623. Duk abin da tulin ƙasar Rumfa ya danne ya girmi 1499. Harsashin darma ɗaya tak a ƙarƙashin wannan tuli, wanda aka auna zurfinsa aka rubuta abin da ke kewaye da shi kafin a ɗaga, zai tilasta mini in janye duk abin da na faɗa a kan Dagaci, kuma zan janye da murna. Abin da ke damuna shi ne badalar tana ƙarewa, ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta, Ɗorayi kuwa ta cika da gidaje tuntuni. Ragowar ginin Rumfa da har yanzu ke tsaye, shi ne wurin da ya kamata a fara sa awo da matankaɗi.